Turaren Wuta da Kyandir: A Zaɓa da Hankali

Idan hunturu ya shigo, mutanen ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa sukan rufe ƙofa da taga tun magariba. A lokacin ne uwargida takan ɗebi garwashi a kasko ta zuba turaren wuta, maigida kuma ya kunna kyandir. Ƙamshi abin so ne. Amma duk abin da ya ci wuta yana fid da hayaƙi, kuma a huhu hayaƙin yake sauka.

Garwashin ya fi turaren haɗari. Idan gawayi yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yakan fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, yana iya wucewa a haka. Saboda haka a turara ɗaki da ƙofa a buɗe, kuma a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Wanda alamun nan suka kama, a fito da shi fili ya sha iska, a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Ɗakin mai jego ya fi kowane ɗaki shan turare, ga shi kuwa huhun jariri bai yi ƙwari ba. A fita da jariri, sai hayaƙi ya washe a dawo da shi. Haka ma mai asma da tsoho mai tari.

Wajen saye, a ce wa mai turare ya ƙona kaɗan a gani. Wanda ya tashi da baƙin hayaƙi, ko ya sa hawaye da tari, a bar masa kayansa komai arharsa.

Yawancin kyandir daga kakin man fetur ake yin sa. Idan lagwani ya yi tsawo, wutar takan yi rawa ta yi baƙi. A datse shi ya zama kamar tsawon ƙwayar wake. A guji kyandir mai waya a cikin lagwani, domin wata wayar ta dalma ce. Amurka ta hana irin wannan lagwani a 2003. Dalmar nan ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, a ƙauyukan da ake haƙar zinariya.

A kafa kyandir a kan farantin ƙarfe ko cikin kwano mai yashi, nesa da katifa, labule, gidan sauro da zana. Ɗakin kara ba ya jiran a ɗebo ruwa daga rijiya. Kada a bar yara su kaɗai da shi, kuma a kashe kafin barci.

Maganin sauro na kunnawa shi ma hayaƙi ne. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin kafin a biya kuɗi. A kunna shi da yamma kafin a shiga ɗaki, da dare kuma a shiga gidan sauro mai magani. Mai hali ya sayi fitila mai aiki da hasken rana. Ba ta hayaƙi, kuma yara za su yi karatu da ita.