Dalilan da ke bayan ƙirar ƙafar mota

Ƙaramar mota, duk nauyinta, a wurare huɗu kawai take taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Ta nan take tashi, ta nan birki ke tsayar da ita. Saboda haka aka ƙera ƙafarta yadda wannan ɗan wurin ba zai rabu da hanya ba.

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗaukar nauyi, tana kuma shanye gargada. John Boyd Dunlop ya yi wa keke irin wannan taya a 1888, sannan ƴan'uwan Michelin suka ɗora ta a kan mota a tseren Faransa na 1895. A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar samfurin radiyal, wanda zarensa ke ratsa taya daga gefe zuwa gefe. Wannan ya sa gefenta ke lanƙwasa, fuskarta kuwa ta zauna daram a ƙasa. Tsagogin da ke fuskar kuma magudanai ne: suna kore ruwan sama don kada taya ta yi sulɓi a kansa.

Ƙarfen da taya ke zaune a kai, shi ma ba don ado aka huhhuda shi ba. Birki na mayar da gudu ya zama zafi, kafofin nan kuwa suna ba iska hanyar sanyaya shi. Suna kuma rage nauyi, domin ƙafa marar nauyi ta fi saurin komawa ƙasa bayan ta daki rami.

Har rubutun gefen taya yana da ma'ana. A 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, R na nufin radiyal, 15 kuwa faɗin ƙarfen ne da inci.

Direbobin Sahara kan rage iska don taya ta baje a kan rairayi. Amma a kwalta, taya mai ƙarancin iska tana yawan lanƙwasa, ta ɗauki zafi, har ta iya fashewa, musamman a bazara da kaya fiye da kima. Don haka ake gwada iska da safe, kafin taya ta yi zafi.