Matsi da amsa-kuwwa a waƙar sutudiyo: abin lura ga mai nazarin Hausar Gaya

0. Gabatarwa

Garin Gaya, cikin jahar Doso, yana bakin kogin Isa. Gada ce ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuma tana kusa. Dandanci da Zabarmanci da Hausa duk suna gogayya a kasuwarsa, shi ya sa ɗalibai masu nazarin cuɗanyar harsuna ke son tattara bayanai a can. Sau da yawa abin da ya fi sauƙin samu shi ne waƙoƙin sutudiyo da ke yawo a wayoyin hannu. Sai dai muryar da ke cikinsu ta bi ta ƙananan manhajojin gyaran sauti (greffons) waɗanda ake jona wa babbar manhajar haɗa kiɗa, tsarin da ya bazu bayan kamfanin Steinberg ya fito da VST a 1996. A wannan maƙala za mu kwatanta iri biyu, na matsi da na amsa-kuwwa, mu ga abin da kowanne ke yi wa alamomin da Hausa ke bambanta ma'ana da su.

1. Abin da za a auna

Alamomi uku ne suka shafe mu:

(1) karin sauti: wuyàa (gaɓar jiki) / wùyaa (wahala);
(2) tsawon wasalin ƙarshe: gidaa (suna) / gida (bayanau), bàaƙoo / Bàaƙo (sunan yanka ko laƙabi);
(3) ɗaurin baƙi: jàkkii a karin yamma, inda karin Kano ke cewa jàakii.

Na (1) ya dogara ga saurin kaɗawar tantanin maƙwallato. Na (2) da na (3) kuwa sha'anin lokaci ne da shiru. Newman da van Heuven sun nuna a 1981 cewa gajeren wasalin ƙarshe, idan an dakata bayansa, hamza ce ke datse shi. Haka ma a jàkkii, akwai doguwar rufewa, watau shiru, kafin fashewar /k/.

2. Manhajojin matsi (compresseurs)

Aikinsu rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Idan an sa matsin 4:1, sautin da ya zarce ƙa'ida da dB 8 zai fito da ƙarin dB 2 kacal. Da yawansu kwaikwayon tsoffin na'urori ne. Masu kwaikwayon 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera a 1967, kamunsu yana da sauri ƙwarai, daga mikrosakan 20 zuwa 800. Suna fito da murya gaba, amma suna iya aske kaifin fashewar /ƙ/ da /ts/. Masu kwaikwayon LA-2A suna kamu a hankali, su saki a hankali, don haka farkon gaɓa yakan tsira. Dukansu biyu suna ƙara wa murya ɗan launi na ganganci. Akwai kuma irin ReaComp na kamfanin Cockos, wanda ake samu kyauta, ba ya neman ƙara launi, kuma ana iya rubuta ma'auninsa da lambobi.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙarfin sauti suke taɓawa, ba tsayin murya ba. Saboda haka bambancin (1) yana nan bayan matsi. Amma duk wani awon ƙarfi da aka yi a kan irin wannan murya ba shi da amfani, don aikin mai haɗa kiɗa aka auna.

3. Manhajojin amsa-kuwwa (réverbérations)

Waɗannan suna ƙara wa kowane sauti jela, kamar ana waƙa cikin babban zaure. Ana auna jelar da lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da dB 60. Iri biyu ne. Na farko da lissafi yake ƙirƙiro jelar, bisa hanyar da Manfred Schroeder ya bayyana a 1962; Fruity Reeverb 2 da ke cikin FL Studio da manhajojin Valhalla na wannan sahu ne. Na biyu, kamar Altiverb, yana ɗora murya a kan amon wani ɗaki na gaskiya da aka naɗa (convolution). Mawaƙi zai zaɓi na farko don sauƙin juyawa, na biyu don kama da zahiri. A wurinmu kuwa illarsu guda ce: jelar da ta kai sakan ɗaya ko biyu ta ninka tsawon wasali sau da yawa.

Sakamakon a fili yake. A (2), jelar tana rufe wurin hamza, sai gida ya yi kama da gidaa. A (3), jelar /a/ tana malala cikin shirun /kk/, sai hoton sauti a Praat ya nuna abin da ya yi kusa da jàakii. Idan kuma aka sa matsi bayan amsa-kuwwa, sai ya ɗago jelar, ɓarnar ta ƙaru. Ɗalibin da bai san wannan ba zai iya rubuta cewa Hausar Gaya ta fara zubar da ɗauri saboda tasirin Dandanci ko na waƙoƙin Kano, alhali manhaja ce ta cike shirun.

4. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, matsi yana barin kari, ya ɓata awon ƙarfi. Amsa-kuwwa tana ɓata awon lokaci, wanda shi ne ginshiƙin (2) da (3). Shi kansa karin ba ya tsira idan an yi amfani da Auto-Tune, da ya fito a 1997, domin shi tsayin murya yake gyarawa. Shawararmu ga mai zuwa Gaya ita ce ya roƙi mai sutudiyo muryar mawaƙi ita kaɗai, kafin a sa mata komai, a tsarin WAV. In ba ta samu ba, ya sa mawaƙin ya faɗi baitocin da baki a ɗaki mai tabarmi da labule, ya naɗa da kansa. Waƙar da aka gama haɗawa tana da amfani ga nazarin kalmomi da ginin jimla da aron kalmomi; awon tsawon wasali da na ɗauri kuwa sai a kan muryar da ba a taɓa ba.