Malam, A Rage Mana Hanya

Yau shirinmu ya yada zango a bakin ƙofar Jami'ar Bayero da ke Kano, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da kowa ke ta sauri kada laccar ƙarfe takwas ta wuce shi.

Jami'ar nan, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, ba a waje ɗaya take ba. Tsohon mazauninta na nan gefen ganuwa, tsakanin Gadon Ƙaya da Kabuga. Sabon kuwa sai ka miƙe titin Gwarzo, ka wuce Rijiyar Zaki, sannan ka iso. Ɗaliban likitanci ma nasu ya fi nisa, don karatunsu na kai su har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. To, ɗalibin da ya kama ɗaki a Ɗorayi alhali tsangayarsa na sabon mazauni, kullum da lissafin kuɗin mota yake kwana, da shi yake tashi.

A da, ɗan acaɓa ke fid da mutum kunya. Amma a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur. Sai titi ya koma hannun 'yan adaidaita sahu, kekunan da suka gaji sunansu daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Su ne a yau ke jigilar ɗalibai da yawa, uku a baya, wani lokacin har da ɗaya a gefen direba, rabin jikinsa a waje.

Isowa ƙofa kuma ba isowa aji ba ne. Sabon mazaunin fili ne fetal, gine-ginen sun yi wa juna nisa. A watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40. Duk wanda ya taɓa takawa daga ƙofa zuwa tsangaya da tsakar rana a irin wannan lokaci, ya san darajar inuwar darbejiya.

Mai mota fa? Kada ku yi saurin yi masa hassada. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Malamai da yawa sun jingine motocinsu a gida, wasu sun koma haɗa gwiwa, yau motar wannan, gobe ta wancan.

Ni dai a ganina, abin hawan da ya fi riƙe jami'ar nan babu shi a kowace takarda: rage hanya. Kuma yana da ladubbansa. Ba a tsayar da mota da hannu kamar ta haya. Tsayawa ake yi a inda za a gan ka, littafi a hannu, har sai mai motar ya rage gudu ya sauke gilashi.

"Samari, ina kuka nufa?"

"Ciki za mu, Malam."

"To, ku shigo."

Ɗalibai mata sun fi sakin jiki idan malama ce ke tuƙi. Wanda ya fi shiga uku shi ne ɗalibin da sai da ya zauna ya rufe ƙofa, sannan ya gane motar malamin da bai halarci darasinsa jiya ba ce. Har a sauke shi, ba zai yarda su haɗa ido a madubi ba.