Fito a Kan Iyaka: Misalin Gaya da Malanbil

A Hausa, "fito" shi ne haye da mutane ko kaya daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan a cikin jirgi. Abin da ake biya shi ne "kuɗin fito", wurin da ake shiga jirgin kuwa "mashigi". Waɗannan kalmomi tsofaffi ne, domin tun zamanin fataucin goro ayarin da ya nufi Gwanja sai ya haye Kwara, sa'an nan ya haye kogin Oti, wasu a wajen Sansanin Mango, kafin ya isa Salaga. Zuriyar waɗannan fatake na cikin waɗanda suka zauna a zangunan arewacin Togo.

A wancan lokaci madugu da sarkin gari da masu jirgi ne suke shirya maganar fito. Da Turawa suka shata iyakoki, sai wasu koguna suka zama iyaka tsakanin ƙasashe. Saboda haka ɗan kasuwar Camba, a gabashin Sokode, idan ya ratsa Benin zai shiga Nijar, a Malanbil zai tarar da Kwara ta gitta masa, Gaya tana ƙetare.

Tambayar da ke nan ita ce: a ina iyaka take a cikin ruwa? Benin da Nijar sun daɗe suna jayayya a kan wannan, musamman saboda tsibirin Lete, inda makiyaya da manoma suke zaune. Mutanen wurin suna cewa Lete Gungu, kuma "gungu" a Hausa ma tsibiri ne, daga nan sunan Gungawan Yawuri ya samo asali. A shekarar 2002 ƙasashen biyu suka kai maganar Kotun Duniya da ke Hague. Ran 12 ga Yuli 2005 kotun ta yanke cewa iyakar tana bin wurin da ya fi zurfi a babbar hanyar da jirage suke bi. Tsibirin da ke tsakanin wannan layi da gaɓar Nijar na Nijar ne, wanda ke ɗaya ɓarin kuma na Benin. Ta haka Nijar ta sami tsibirai 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Ke nan fasinja yana sauya ƙasa yana zaune cikin kwalekwale, ba tuta, ba shinge.

Tun 1958 akwai gada tsakanin garuruwan biyu, shi ya sa fito ya ja baya. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar kuwa ta bar nata a rufe har cikin 2025. Sai masu kwalekwale suka sake zama hanya.

Ga yadda tafiyar ta kasance. Mota tana sauke fasinja a Malanbil, ya hau babur zuwa bakin kogi. A nan zai yi ciniki da mai jirgi, kuɗin mutum daban, na kaya daban. 'Yan dako su loda buhuna, a tada inji. Idan an isa ƙetare jami'an tsaro su duba takardun shaida, wata motar ta kwashe mutane. Canjin kuɗi ba ya tasowa, don Togo da Benin da Nijar duk sefa ɗaya suke kashewa. Sai dai kowace saukewa da lodawa ƙarin kuɗi ce a kan kaya, kuma mai saye a kasuwa shi yake biya daga ƙarshe. Akwai kuma haɗari idan an yi wa jirgi lodi fiye da kima, balle da damina in kogi ya kawo.

Manyan motoci ba su shiga kwalekwale. Don haka kayan Nijar da yawa suka koma tashar jiragen ruwa ta Lome, suna bi ta Sokode da Dapango zuwa Burkina Faso, hanya mai nisa da rashin tsaro.

Ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin "fito" da "fasa ƙwauri". Na farko sana'ar haye da mutane ce, na biyu kuwa kauce wa kwastan ne. Idan aka rufe gada, jirgi ɗaya yakan ɗauki mai zuwa biki da mai ɓoye kaya, amma harshe bai haɗa su a kalma ɗaya ba.