Hayaƙin Murhu da Lafiyar Iyali: Yadda Za Ka Zaɓi Murhu Mai Kyau

Maigida, in ka gama karanta wannan takarda ka shiga ɗakin girkin gidanka, ka ɗaga kai ka dubi rufi. Za ka tarar ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. To, hayaƙin nan da ya baƙanta rufi shi ne uwargida take shaƙa safe da yamma, ita da yaron da ke goye a bayanta. Rufi ana iya sake shi in kaka ta yi, amma huhun mutum ba a sake shi.

Mutane da yawa sun ɗauka hayaƙi ba kome ba ne, tun da haka muka tashi muka tarar. Bari mu ba ka labarin wata ƙasa da ita ma da haka ta ɗauka, har sai da ta ga abin da ya ishe ta.

Abin da Ya Faru a Landan

Cikin watan Disamba na 1952 aka yi sanyi mai tsanani a Landan, babban birnin Ingila. A zamanin nan kusan kowane gida da kwal yake jin ɗumi, watau baƙin dutsen nan mai cin wuta da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, irin wanda aka yi ta haƙa a Inugu. Da sanyi ya matsa, kowa ya ƙara wuta. Sai kuma iska ta tsaya cik. Hayaƙin gidaje da na masana'antu ya rasa inda za shi, ya gauraya da hazo, ya rufe birnin tun daga ran 5 har ran 9 ga wata.

Motocin haya suka tsaya, domin direba ba ya ganin gabansa. Asibitoci suka cika da masu tari da masu shaƙewar numfashi. Har shanun da aka kawo wurin nunin dabbobi waɗansu suka mutu. Da aka yi lissafi a lokacin, an sami mutum wajen 4,000 sun rasu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yawansu ya kai wajen 12,000. Galibinsu tsofaffi ne da masu ciwon ƙirji ko na zuciya.

Dokar da Aka Kafa

Saboda haka a 1956 Majalisar Dokoki ta ƙasar ta kafa dokar tsabtace iska. Dokar ta ba hukumomin garuruwa iko su keɓe unguwanni inda aka hana fid da hayaƙi daga bututun gida. Har yanzu akwai irin waɗannan unguwanni. A Ingila, wanda gidansa ya riƙa tuƙa hayaƙi a cikinsu ana iya cin sa tarar fam 175 zuwa fam 300.

Mai gida a irin wannan unguwa yana da hanya biyu. Ko dai ya ƙona abin da hukuma ta yarda da shi, wanda ba ya hayaƙi, ko kuwa, in yana son ƙona itace, ya sayi murhun da aka jarraba aka sa sunansa cikin jerin waɗanda aka amince da su. Da yawa daga murahun nan masu cin abu iri-iri ne: suna cin itace, suna kuma cin curin kwal da aka sarrafa don ya rage hayaƙi. An ƙera su yadda ba a iya toshe ƙofar iskarsu gaba ɗaya, don kada wutar ta riƙa ci a lumshe tana tuƙa hayaƙi. Tun daga watan Mayu na 2021 kuma an hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri. Itacen da za a sayar haka, ruwan da ke cikinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100.

A ƙauyukanmu ba mai zuwa ya ci ka tara don hayaƙin murhu. Amma ka lura da abu guda. Su can hayaƙinsu ta bututu yake fita waje, duk da haka ya yi wannan ɓarna. Namu kuwa cikin ɗaki yake tsayawa, daidai hancin mai girki. Abubuwan da dokar nan ta dogara a kansu, watau murhu mai kyau da isasshiyar iska da busasshen itace, su ne mu ma za su fisshe mu.

Mene Ne Hayaƙi?

Hayaƙi itace ne wanda bai gama ƙonewa ba. In itace ya yi zafi, sai wani tururi mai cin wuta ya riƙa fita daga jikinsa. In ya sami zafi sosai da isasshiyar iska, sai ya kama ya zama harshen wuta. In bai samu ba, sai ya tashi a banza, shi ne hayaƙi. Watau duk hayaƙin da ka gani, kuɗin itacenka ne ko wahalar matarka ta zuwa daji take tashi sama.

Murhun duwatsu uku da muka gada ɓarnarsa ke nan. Iska tana kaɗa wutar ta kowane gefe, ta sanyaya ta, zafi ya watse. Abin da ke isa tukunya bai fi wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba.

Abin da Hayaƙi Ke Yi wa Jiki

Cikin hayaƙi akwai ƙura mai laushin gaske wadda ido ba ya gani. Gashin hanci ba ya tare ta. Takan wuce har can cikin huhu, wata ma ta shiga jini. Ita ke jawo wa yara ciwon huhu, watau namoniya. Manya kuwa takan jawo musu tarin da ba ya jin magani, da toshewar numfashi, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Mace mai ciki da ke yawan shaƙarsa tana iya haifar jariri marar nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum wajen miliyan 3.2 suka rasu saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Ta kuma ce kusan rabin ƙananan yaran da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin cikin gida ne sanadi.

Abubuwa Biyar da Za Ka Duba

In za ka sayi murhu a kasuwa, ko ka sa maƙeri ya ƙera maka, ko kuwa a gina na yumɓu a gida, ga abin da za ka duba.

1. Wutar ta kasance a killace. Murhu mai kyau yana da ɗan ɗakin wuta matsattse, mai bango kewaye, don zafi ya taru wuri guda. In bangon ƙarfe ne, gara wanda aka yi wa shafen gasasshen yumɓu a ciki. In na ƙasa ne, a cuɗa yumɓun da ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, domin bango marar nauyi ba ya shanye zafin wuta kamar dunƙulalliyar ƙasa.

2. Ya kasance da hanyar iska. Ka duba ko akwai ƙofa a ƙasa da iska za ta shiga. Wanda ya fi kyau shi ne mai waɗansu ƙananan huji kuma a sama, domin iskar da ta shiga nan ita ke ƙone hayaƙin kafin ya fita. Kada a cusa itace har ya toshe bakin murhu. Itace siriri biyu ko uku, ana tura su kaɗan-kaɗan, sun fi babban gungume.

3. In kana son mai cin abu iri-iri, ka nemi mai raga. A ƙauye ba kullum ake samun abu guda ba. Yau itace, gobe kara ko totuwar masara, wata rana gawayi. Gawayi yana bukatar iska ta biyo ta ƙarƙashinsa, saboda haka sai an ɗora shi bisa ragar ƙarfe ko faifan yumɓu mai huji, toka ta riƙa zuba ƙasa. Itace kuwa ya fi bukatar iska wajen harshen wutarsa. Murhun da za ya ci duka biyu sai ya zama yana da ragar da ake sawa a cire, da wurin kwashe toka. In toka ta cika ƙarƙashin raga, iska ta toshe, hayaƙi ya dawo. Ɓuntun shinkafa da garin katako kuwa suna da nasu murhu dabam, in an zuba su cikin na itace sai su kashe wuta.

4. Ya dace da tukunyar gidanka. Ka tafi kasuwa da uwargida, ita ce mai aikin, ku kuma ɗauki tukunyar da aka fi girki da ita. Tukunya ta zauna daram, ta ɗan nutse cikin murhun, a bar tsakani kamar kaurin ɗan yatsa kewaye da ita don zafi ya bi jikinta. A gwada tuƙi a gani. Murhun da ke rawa in ana tuƙa tuwo, ba a kwana biyu za a jingine shi a koma ga duwatsu uku, kuɗi sun tafi a banza. Yana kuma iya kifewa ya ƙone yaro.

5. Hayaƙi ya sami hanyar fita. In cikin ɗaki za a yi girki, murhu mai bututu ya fi. Bututun ya zarce rufi, kada ya taɓa jinka ko azara, don gudun gobara. A riƙa share cikinsa a kai a kai, domin kunkunniya tana toshe shi, tana kuma kama wuta. In ba halin bututu, a huda taga biyu masu duban juna, da wata kafa can sama kusa da rufi. Da rani kuwa girki a rumfa a tsakar gida ya fi duka.

Kafin ka biya, ka ce wa mai sayarwa ya hura maka wuta ka gani da idonka. In wuta ta kama sosai, murhun kirki ba ya yin hayaƙi sai kaɗan. Ka kuma tambaya ko ana samun ragarsa in ta cinye.

Busasshen Itace

Kome kyan murhu, ɗanyen itace zai ɓata shi. Itacen da aka sare yanzu wajen rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta gama ƙafar da ruwan nan kafin ta dafa abinci. Ka faskara itace ƙanana, ka jera shi bisa duwatsu ko katako don kada ya taɓa ƙasa, inda iska ke ratsawa. Ka tanadi na damina tun da rani, ka rufe samansa. Busasshen itace ba shi da nauyi, bakinsa yakan tsattsage, in ka buga biyu sai ka ji ƙara ƙwal.

Kada a hura wuta da leda ko roba ko tsohon takalmi. Kada a ƙona katako mai fenti. Hayaƙinsu dafi ne. Ke kuma uwargida, ki riƙa rufe tukunya da murfi, ki jiƙa wake tun da dare. Girkin da ya yi sauri, hayaƙin da za ki shaƙa ya ragu.

Gargaɗi Game da Gawayi

Gawayi ba ya yawan hayaƙi, shi ya sa mutane ke sakin jiki da shi. Amma yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Da hunturu in an shiga da kaskon wuta ɗaki, aka rufe ƙofa da taga aka kwanta, ana iya wayar gari ba a tashi ba. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In mutanen ɗaki ɗaya suka ji haka tare, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje nan da nan, a kai su asibiti. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Ɗakin mai jego ma haka, ko da ana son ɗumi a bar taga a buɗe, domin jariri ya fi kowa rauni.

Kada a Ruɗe Ka

Sabon murhu yana rage hayaƙi, amma ba ya kawar da shi duka. A ƙasar Gwatamala an gwada murhu mai bututu, sakamakon da aka bayyana a 2011 ya nuna ciwon huhu mai tsanani ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku ga yara. A Malawi kuwa an raba wa ƙauyuka wani sabon murhu marar bututu, amma sakamakon 2016 ya nuna ciwon huhun yara bai ragu ba. Darasin shi ne murhu kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da busasshen itace, da taga, da nisanta yara daga wuta, da barin ƙona shara a tsakar gida. Wanda Allah ya hore wa murhun gas ko na lantarki, su suka fi kowanne tsabta. Kananzir kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ba da shawara a guje shi wajen girki.

Abin da Za Ka Yi Yau

Ba sai ka jira kuɗin murhu ba. Yau ɗin nan ka huda taga a ɗakin girki, ka ɗauke itace daga ƙasa. Ke uwargida, in za ki hura wuta ki sauke goyo, ki ba wani babba ya riƙe miki shi can inda hayaƙi ba ya kai wa. In yaro yana tari, numfashinsa yana sauri, ko ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti ran nan.

In kaka ta yi ka sayar da amfanin gona, ka sa murhu cikin abin da za ka fara saya. Ka nemi shawarar ma'aikacin lafiya na yankinku, ka kuma karanta wa maƙwabcinka wannan takarda in bai iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.