ANTIGONI: Yarinyar da ta ja da sarki a kan gawar ɗan'uwanta

Masu karatu, in kuna ganin finafinan Indiya ne ƙarshen sa mutum kuka, to ku gyara zama. Wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani marubuci mai suna Sofokilis ya shirya wasan Antigoni a birnin Atens na ƙasar Girka, kuma har yau ana yin sa a dandamali.

Labarin a garin Tebes ya faru. 'Ya'yan sarki maza biyu, Itiyokilis da Polinaisis, suka kashe juna a kan gadon sarauta. Kawunsu Kireyon ya hau karaga, ya sa aka yi wa na farko jana'izar girma, na biyun kuwa ya ce maci amana ne tunda ya kawo wa garinsu yaƙi, a bar gawarsa a fili karnuka da tsuntsaye su ci. Duk wanda ya rufe shi, jifa ce hukuncinsa.

Mamatan suna da 'yan'uwa mata biyu, Antigoni da Ismeni. Antigoni ta ce sai ta rufe ɗan'uwanta ko da za ta mutu. Ismeni ta noƙe, ta ce su mata ne, ina su ina ja da sarki? Antigoni ta tafi ita kaɗai ta zuba wa gawar ƙasa, masu gadi suka cafke ta.

To, nan ne wajen da ya fi taɓa ni. Da aka gurfanar da Antigoni, sai ga Ismeni cikin hawaye tana cewa da ita aka yi, a kashe su tare. Ba ta taɓa gawar ba fa, nadama ce kawai ke cin ta. Antigoni ta ƙi, ta ƙaryata ta a gaban sarki. Tsana ce, ko dabarar ceton ran 'yar'uwarta? Ni dai ina ganin duka biyun ne. Kuma wallahi yawancinmu 'yan kallo Ismeni ce mu, sai dai mu riƙa tafa wa Antigoni.

Kireyon ya sa aka toshe Antigoni da ranta a cikin kogo, alhali ita ce wadda ɗansa Hemon zai aura. Yaron ya roƙe shi, ya ƙi ji. Sai da makahon boka Tiresiyas ya tsorata shi sannan ya sauko, amma kafin ya isa kogon ta rataye kanta. Hemon ya soke kansa, uwarsa ma da ta ji ta bi shi.

A zamanin Sofokilis maza ne ke fitowa a matsayin mata, fuska a rufe, kuma ba a nuna kisa a gaban jama'a, sai dai ɗan aike ya zo ya faɗa. Mai son kallo ya nemi fim ɗin Girka na 1961, baƙi-da-fari, wanda darakta Yorgos Tzavellas ya shirya, inda jaruma Irene Papas ta fito a Antigoni. Ta rasu a 2022.

Ismeni kuwa, tun da aka fitar da ita daga gaban sarki ba a sake ganin ta a wasan ba.