Takunkumin Mulkin Soja a Kan Waƙa: Misali Daga Rayuwar Fela Anikulapo Kuti

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna yadda gwamnatin kama-karya kan toshe bakin mawaƙi ba tare da ta kafa dokar da ta ambaci waƙarsa ba. Manazarcin da ya tsaya ga kundin dokoki kurum, sai ya zaci babu wani takunkumi, alhali kuwa akwai shi. Za a ɗauki misali daga Fela Anikulapo Kuti (1938 zuwa 1997), makaɗin nan na Ikko wanda ya shahara da yi wa mahukunta zambo cikin Turancin buroka, harshen da talakan birni yake ji. Hanyoyi uku ne aka bi domin a yi maganinsa.

2.0 Toshe Kafar Watsa Waƙa

A zamanin da ake magana, gidajen rediyo da talabijin duka mallakar gwamnati ne, domin sai a 1992 aka kafa dokar da ta yarda ɗan kasuwa ya buɗe nasa. Saboda haka ba a bukatar kotu kafin a hana waƙa. Umurni daga sama ya wadatar, kuma ma'aikacin da yake tsoron rasa abincinsa yakan hana kansa tun ba a hana shi ba. Haka aka ƙaurace wa faifan “Zombie” na 1976, wanda ya kwatanta soja da gawar da ake juyawa da umurni. Sai dai masu sayar da faifai da direbobin motocin haya sun yaɗa shi lungu-lungu.

3.0 Amfani da Ƙarfi

Da aka yi bikin FESTAC a Ikko a farkon 1977, Fela ya ƙi shiga, ya ci gaba da wasa a gidan rawarsa, baƙi kuwa suka riƙa tururuwa can. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, kwana kaɗan bayan rufe bikin, sojoji kimanin dubu suka far wa gidansa da ake kira Kalakuta, suka ƙone shi tare da kayan kiɗa da ɗakin ɗaukar waƙa. An jefo mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga, ta kuma rasu a Afrilun 1978. Kwamitin binciken da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Wannan hukunci shi ya zama sunan faifansa na 1979, watau “Unknown Soldier”.

4.0 Fakewa da Wani Laifi

Hanya ta uku ita ce a fake da guzuma a harbi karsana. A 1974, zamanin Janar Gowon, an tsare shi bisa zargin mallakar wiwi. A Satumban 1984, zamanin Janar Buhari, an kama shi a filin jirgin saman Ikko yana shirin tafiya Amurka, aka tuhume shi da fitar da kuɗin waje, aka ɗaure shi shekara biyar. Har kurkukun Maiduguri aka kai shi. Ƙungiyar Amnesty International ta ɗauke shi a matsayin fursunan ra'ayi, gwamnatin Janar Babangida kuma ta sake shi a Afrilun 1986. A duk waɗannan shari'o'i ba waƙa aka gurfanar ba, amma waƙar ce ta tsaya muddin yana tsare.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a lura cewa takunkumin ya cuci mawaƙin a jikinsa da iyalinsa da dukiyarsa, amma kowace matsa sai ta haifar da sabon faifai. Shawarar da za a ba masu nazarin waƙoƙinmu ita ce su faɗaɗa inda suke neman hujja: su bincika jerin faifan da gidajen rediyo suka jingine, da takardun kotu, su kuma tattauna da tsofaffin ma'aikatan rediyo tun suna raye, domin umurnin da aka bayar da baki ba ya barin takarda.